Mayafin silikin da jansa ya zuba

Ranar wata Talata cikin hunturun bara, bayan la'asar, wata yarinya ta yi sallama a gidanmu da ke unguwar Hausare a Garwa, ƙasar Kamaru, riƙe da baƙar leda. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Adda, Hajiya ce ta ce a kawo miki, wai ki gani." Daga haka ba ta ƙara ba, ta miƙo ledar tana kallon ƙasa. Tun kafin in kwance ƙullin hancina ya ba ni labari: warin jabel, ruwan bilic ɗin nan na farar da kaya, haɗe da tsamin jiƙaƙƙen kaya da ya kwana a rufe. Mayafin da na shafe mako bakwai ina saƙawa ne a ciki.

Na shimfiɗa shi a kan tabarma. Jikinsa da yake fari sol ya koma ruwan hoda, wani wuri ya fi wani. Inda aka ninke shi yana jiƙe, zanen jan bakin ya fito raɗau a kan farin kamar an buga hatimi, har ana iya ƙirga idon saƙar. Siririn koren layin da ke tsakanin fari da ja ya yi duhu, ya koma kalar ƙasa. Kusurwa ɗaya kuma ta yi rawaya, da na ja zare ɗaya a wurin sai ya tsinke a hannuna kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Na daɗe zaune ban ce komai ba, har yarinyar ta tambaya ko ta tafi.

Saƙa ce sana'ata, ta kwarashi da ta allura biyu, shekara goma sha ɗaya ke nan. Yawancin aikina kayan jarirai ne da hulunan sanyi, da zaren ulun roba irin wanda ake sayarwa a babbar kasuwa. Wannan zare ba ya zuba, ko da me ka wanke shi launinsa na nan daram, shi ya sa hannuna bai saba da tsoron rini ba. Siliki kuwa sau uku kacal na taɓa aiki da shi kafin wannan, kuma duk ukun fari ne zalla.

Hajiya 'yar kasuwa ce mai zuwa Dubai sarin kaya. Daga can ta zo da dunƙule takwas na farin zaren siliki, kowanne giram 50, tana so a saƙa wa autarta mayafin da za ta yafa ranar walima. Tsawo mita biyu, faɗi santimita 70, jiki fari, baki ja mai faɗi, da ɗan koren layi a tsakani. Jan zare ne babu. Ni da bakina na ce ai ba matsala, a ware dunƙule biyu in kai wa wani marini a bayan unguwarmu, dattijon da ke yi wa mutane rinin shadda. Koren kuma na saya a kasuwa, mai shagon ya rantse mini siliki ne, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na zaren Hajiya ba. Marini ya dawo mini da zare washegari, ja wur, gwanin sha'awa. Na naɗe shi na hau aiki, ban wanke ba, ban ma tsoma shi a ruwa ba.

Laifina na farko ke nan, kuma ba zan ce ban ga alama ba. Da na kai kan jan bakin, allurai na na gora suka fara yin ja-ja a tsini. Yatsuna ba su nuna ba domin lokacin da lalle a hannuna, bikin wata ƙawata ya wuce ba da jimawa ba. Na ga alluran, na ce a raina ai lallen ne ke gogewa. Lallen da ya yi mako biyu a hannu ba ya rina gora, na san haka sarai, amma biki saura kwana tara, ba na son in sani.

Abin da ya faru a gidan amarya sai da na bi shi daki-daki kafin in haɗa shi, domin kowa na jin nauyin faɗin nasa. Ranar Asabar aka yi walima. Hunturun Garwa da dare ne da asuba, da rana zafi na nan yadda ka san shi, ga taron mata a cikin rumfa. Amarya ta yi gumi, bakin mayafin ya goge wuyan farar rigar leshinta, ya bar jan zobe. Da magariba ƙanwar ango, yarinya mai son a yaba mata, ta ɗauki mayafin ta jiƙa a roba da ruwan da ya wuni a rana, ta zuba garin sabulun nan da kowa ke kira omo ko da wane kamfani ya yi shi. Hidimar baƙi ta ɗauke hankalinta, bai fito daga ruwan ba sai safiyar Lahadi. Da ta ga ruwan ya koma kamar zoɓo sai ta firgita, ta faɗa wa gwaggon ango, ita kuma ta ce a watsa gishiri cikin ruwan nan a bar shi, gishiri na kama launi. Aka ƙara masa wuni. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce kanwa ce maganin tabo, aka jiƙa kanwa aka cuɗa farin da ita. Ranar Litinin, da abin ya ƙi, aka gwada jabel a kusurwa ɗaya, Allah ya sa a kusurwa ɗaya aka tsaya. Ganin wurin ya yi rawaya sai aka ɗauraye, aka ninke shi yana ɗiga, aka cusa a leda, aka rasa mai ƙarfin halin faɗa wa Hajiya sai Talata da rana.

Garin neman gira aka rasa ido. Jan zoben da ke wuyan riga shi ne kaɗai ɓarnar da rini ya yi da kansa. Sauran duk hannun masu ceto ne.

Amma a daren ban san haka ba. Zargina kacokan a kan koren zaren kasuwa yake, don shi ne mai araha, kuma shi ne ya fi canza kama. Ina da al'adar ajiye ragowar zaren kowane aiki a gwangwanin madara, sai na fito da na mayafin, na yanki guntu-guntu na kai gidan wani maƙwabcinmu, tsohon malamin kimiyyar sinadarai a lise, wato makarantar sakandare, wanda ya yi ritaya. Malam mutum ne da in ka kai masa tambaya ɗaya sai ka dawo da amsa biyar, amma a ranar na gode wa wannan hali nasa.

Bai fara da rini ba, da ashana ya fara. Ya kunna wa farin zaren wuta: ya ƙuna a hankali, ya mutu da kansa da aka janye ashanar, ya yi ƙaurin gashi, ya bar ɗan baƙin dunƙule da ya murƙushe tsakanin yatsu ya zama gari. Jan ma haka. Koren kuwa ya kama bal, wutar ta bi shi da gudu, warinsa na takarda, tokarsa fara-fara mara nauyi. Malam ya ce, "Wannan ba siliki ba ne, Malama. Biskos ne, daga ɓargon itace ake yin sa, ɗan'uwan auduga ne da aka koya wa ƙyalli." Ya ƙara da cewa da na roba ne, narkewa zai yi ya dunƙule ya yi tauri. Na ce to shi ke nan, an kama ɓarawo. Ya ce in dakata, ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ya jera kofunan gilashi a kan benci. Kowane launi ya samu kofi uku: ruwan randa, ruwan ɗumi, da ruwan ɗumi mai ɗan omo. Muka zauna muna kallo kamar masu jiran shayi. Kofunan koren uku har aka yi kiran isha ruwansu garau yake. Jan kuwa, a ruwan randa ya ɗan saki kaɗan bayan minti goma. A ruwan ɗumi kafin minti biyu wani jan hayaƙi ya fara tashi daga zaren yana murɗawa. A mai omo ko ƙiftawa ba mu yi ba ruwan ya rine. Ya jiƙa farin ƙyalle ya murza busasshen jan zaren da shi sau goma, ƙyallen ya ɗauka. Koren da nake zargi ashe shi ma cutarsa aka yi, jan da ya sha ne ya mai da shi kalar ƙasa. Mai shagon ya yi mini ƙarya a kan sunan zarensa, amma zarensa bai zuba ba.

A nan Malam ya yi mini bayanin da zan so a ce na ji shi shekara goma da suka wuce. Siliki ba tsiro ba ne kamar auduga, abu ne da tsutsa ke fitarwa daga jikinta, danginsa su ne gashi da ulun tumaki, shi ya sa ƙaurinsu ɗaya. Rinin da ya dace da shi yana kama shi ne kamar yadda maganaɗisu ke kama ƙarfe, kuma abu biyu ke ƙarfafa kamun: tsami da zafi. In ruwa ya yi tsami, zaren na janyo rinin ya riƙe. In ruwa ya koma ɓangaren kanwa, wato toka, soda, kanwa kanta, da yawancin garin sabulun wanki, sai riƙon ya sassauta, rinin ya sake shi ya koma ruwa. Ba a nan ta tsaya ba, irin wannan ruwa yana cin jikin silikin kansa, ya kashe masa ƙyalli ya sa shi kaushi. Wasu garin sabulun ma ana sa musu sinadarin da ke narkar da tabon jini da na ƙwai, shi kuwa wannan sinadari bai san bambancin tabon ƙwai da zaren siliki ba. Jabel ya fi su duka, narkar da siliki yake yi, rawayar da ya bari kuma ba tabo ba ce da za a wanke, ƙuna ce.

Da ya ambaci toka sai na tuna kakata, wadda ta zo Garwa daga ƙasar Kano tana yarinya. Takan ba mu labarin zaren tsamiya, silikinmu na gida da tsutsotsin jikin itacen tsamiya ke yi, yadda ake dafa gidan tsutsar da ruwan toka har danƙon ya fita kafin a kaɗa. Malam ya ce hikimar ɗaya ce: ɗanyen siliki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa danƙo ne, ruwan toka ke cire shi. Abin da ke da ƙarfin cire danƙo, in aka bar zare ya kwana a ciki, ba zai tsaya a danƙo ba. Kuma rigar tsamiya yawanci da launinta na asali ake barin ta, ruwan ƙasa-ƙasa, ba ruwanta da zuba. Jan alharinin da ake yi wa manyan riguna aiki da shi a da, ta Sahara yake zuwa daga Tarabulus a rine. Daga nan Malam ya zarce labarin wani yaro ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, wanda a 1856 yana neman haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro ya ɓuge da gano rinin kanti na farko, kuma a kan siliki ya gwada shi. Na bar shi ya kai aya, don na san in na katse shi zai koma farko.

Maganar gishiri ita ce ta fi tsaya mini, domin ni ma da ita na tashi. Ya ɗebi jan ruwan nan ya raba kofi biyu, ya zuba gishiri a ɗaya, ya jefa guntun farar auduga a kowanne. Bayan ɗan lokaci audugar da ke kofin gishiri ta fi ɗayar ja nesa ba kusa ba. Aikin gishiri ke nan: yana kora rinin da ke yawo a ruwa ya hau kan zare. A tukunyar marini wannan alheri ne. A robar da farin mayafi ke kwance cikin jan ruwa, gishiri ya kora jan ne ya hau duk abin da ya samu. Bai ɗaure komai ba. Gwaggon ango ba ƙarya ta yi ba da ta ce gishiri na da alaƙa da kama launi, wurin da ta sa shi ne ba wurinsa ba.

Washegari na je wurin marini. Na same shi yana shanya shadda, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, zaren nan da na kawo maka, da me aka rina shi?"

Ya ce, "Galura, 'yata. Lafiya?"

Na nuna masa ƙyallen da Malam ya murza. Ya juya shi, ya yi shiru, sannan ya faɗa mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Bai sa shi a rinin shadda ba, domin wancan da soda da wani gari da ake kira haidiro ake haɗa shi, kuma ya san soda na cin siliki. Wannan sanin nasa shi ya ceci zaren, dole in faɗa. Sai ya ɗauko galurar da yake yi wa zaren auduga, ya tafasa ruwa da gishiri, ya ninka garin sau biyu don na ce ina son ja mai ƙarfi, ya tsoma kamar minti goma, ya ɗauraye sau biyu ya shanya. Tsami ko ɗigo bai shiga tukunyar ba. Ya ce, "Ke kika ce gobe-gobe kike so. Da kin ba ni kwana uku da na wanke shi har ruwa ya fita fari." Haka ne, ni na ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ke nan matsala biyu ce a jikin jan zaren. Akwai rinin da ya yi yawa, zaren ya ƙoshi, saura ya bushe a bayansa kamar ƙura. Wannan wanki kawai yake so. Akwai kuma wanda ya shiga amma bai zauna ba, don ba a ba shi tsami da isasshen lokaci a kan wuta ba. Wannan sai an mai da shi tukunya.

Da na fahimci haka na yi niyyar in zuba mayafin gaba ɗaya a tukunya da ruwan khal, wato ruwan tsamin nan na binegir, in ɗora a wuta. Da na yi, da na gama da shi. Malam ne ya tare ni da tambaya ɗaya: "Jan da ke kan farin fa, shi ba rini ba ne?" Tsami da zafin da za su zaunar da ja a kan bakin, su ne za su zaunar da shi a kan jikin, har abada. Abu biyu ne a ɗinke wuri ɗaya, kowanne na son kishiyar abin da ɗayan ke so: bakin na son a ɗaure masa rini, jikin na son a kwance masa. Wannan ne wurin da na ga mata da yawa na faɗawa, su ji an ce khal na kama launin siliki, su tsoma kayan da ya riga ya ɓaci a ciki, su kulle tabon da hannunsu.

Mafita ɗaya ce, a raba su. Da yake bakin daga baya na saƙa shi, zagaye da jikin, ya warwaru. Kwana biyu na yi ina warwara, a hankali, domin siliki in ya jiƙe ƙarfinsa na raguwa, wannan kuwa ya sha wuya. Na bari ya sha iska a inuwa tukuna. Koren layin na cire na zubar, ina da ragowarsa. Kusurwar jabel ta faɗo a gefen da na kammala saƙa, ba inda na fara ba, kuma saƙar allura daga ƙarshenta take warwarewa salin-alin. Na warware har na wuce inda zaren ke tsinkewa, kusan taƙi ɗaya ya tafi.

Jan zaren na naɗe shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, na ɗaure shi sako-sako wuri huɗu don kada ya harɗe. Na wanke shi da ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon man wanke gashin jarirai, ina sauya ruwa, ba na barin sa ya zauna. Ruwa na tara ne ya fara fita da ɗan haske. Sannan na zuba lita uku na ruwa a tukunyar da ba ta girki ba, da cokali biyar na farin khal, wanda a kantunan nan sai ka ce binegir kafin a gane ka. Na sa zaren tun ruwan na sanyi, na ɗora a kan gawayi mara ƙarfi. Malam ya ara mini ma'aunin zafi, ya ce in tsaya tsakanin digiri 80 da 85, kada ya tafasa, tafasa na dushe ƙyallin siliki. Wadda ba ta da ma'auni ta duba gindin tukunya: in ƙananan kumfa sun taru suna tasowa ɗaya-ɗaya, tururi na tashi, an kai. Da farko ruwan ya yi ja, gabana ya faɗi. Wajen minti ashirin sai na ga yana washewa, zaren na shanye abin da ya saki. A minti talatin da biyar ruwan ya koma kamar an wanke kofin zoɓo. Na sauke, na bar shi ya huce a cikin tukunyar har safe. Wannan kwanan a ruwa ba irin na gidan amarya ba ne, ruwan tsami ne, kuma babu fari a kusa.

Farin jikin shi ya fi ba ni wahala. Wanki shida na yi masa a jere, kowanne bai wuce minti uku ba, ruwa mai yawa, ba khal, ba gishiri, ba murza, ba matsewa, sai dai in naɗe shi a tawul in danna. Ruwan hodar ya ragu sosai, amma hatimin ninkin ya ƙi. Wannan shi ne aikin kwanan leda: jiƙaƙƙen ja manne da jiƙaƙƙen fari, cikin ɗumi, awa fiye da ashirin. Da an shanya shi a buɗe ranar Litinin da babu hatimin.

Baba marini ne ya kawo shawarar haidiro, garin nan da suke haɗa rinin shadda da shi, wanda kuma yake cire irin wannan galura. Malam ya yarda, da sharaɗin kada soda ta kusance shi. Muka fara gwadawa a guntun da na warware: ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai zafin 60. Cikin minti goma jan ya ɓace, zaren bai yi rauni ba. Sai muka yi wa jikin duka a babbar roba a tsakar gida, don warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai ne, ba a yin sa a ɗaki, kuma da safar hannu. Ina juya shi da muciya a hankali, kwata ɗaya na awa, na ɗauraye sau biyar, na ƙarshe da ɗan khal kaɗan tunda yanzu babu jan da zai kulle. Abu biyu Malam ya nanata har na haddace: garin haidiro a ajiye shi a rufe inda danshi ba ya kai, don in ya jiƙe yana ɗaukar zafi har ya iya kama wuta, kuma khal da jabel kada su taɓa haɗuwa a roba ɗaya, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Hatimin ya tafi. Farin bai dawo fari sol ba, ya tsaya a kalar madara, kuma in ka ɗaga shi a rana za ka ga wuraren da aka cuɗa da kanwa ba su kai sauran ƙyalli ba, sun ɗan yi kaushi a hannu. Wannan ba ya gyaruwa. Na shanya shi a kwance a kan zanen gado cikin inuwa, ban rataye ba don nauyin ruwa na ja wa saƙa tsawo, rana kuma na cin siliki. Kafin in mai da bakin na saƙa ɗan murabba'i da ja da fari tare, na jiƙa shi, na naɗe a farin ƙyalle na danne da dutsen guga na awa ɗaya. Ƙyallen ya fito da ɗan inuwar ja da sai ka ƙura ido. Na sake wanke zaren sau biyu, na sake gwadawa, ya fito fes. Kwana goma sha ɗaya na yi ina mai da koren layi da bakin. Jan ya sauka daga ja wur zuwa kalar tumatir, don rabin abin da muke yabo a da ƙurar rini ce.

Rigar leshin ma an kawo mini. Leshin kansa na roba ne, wanki ɗaya jan ya fita, galura ba ta kama irin wannan roba. Shafin ciki kuwa auduga ne, abincin galura, zoben ya zauna daram. Tela ya farke wuyan ya sa sabon shafi.

Da na kai wa Hajiya mayafin, ta shimfiɗa shi a gado, ta auna da hannunta, ta ce, "Ya rage tsawo." Na ce ya rage taƙi ɗaya, na faɗa mata dalili, na kuma faɗa mata maganar alluran gora, domin ƙanwar ango ta sha faɗan da ya fi laifinta, har an ce kwana biyu ba ta cin abincin kirki. Hajiya ta dube ni ta ce, "Kin gani tun lokacin, kika yi shiru?" Na ce na gani. Ba ta ƙara magana a kai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kuɗin gyara ban karɓa ba, na kuma mai da mata kashi ɗaya cikin uku na ladan saƙar, ta karɓa. Baba ya aiko da kuɗin rininsa ta hannun jikansa ba tare da an tambaye shi ba, ya haɗo da saƙon in rubuta masa yawan khal da lokacin wuta.

Na haɗa mayafin da 'yar takarda, Hausa a gaba, Faransanci a baya, don gidan angon ba kowa ke karanta Hausa ba: ruwan sanyi, man wanke gashi, minti uku, shi kaɗai, a shanya a kwance a inuwa, kada ya kwana a jiƙe. Amarya ta kira ni bayan ƙaramar salla ta ce ta wanke shi yadda na rubuta, ruwan farko ya ɗan yi ja-ja kaɗan, na biyu garau, farin bai ɗauka ba. Hajiya kuwa tun daga lokacin aikin jarirai kawai take aiko mini, na ulun roba.